Yumɓu da Ƙwaƙwalwa: Abin da Wuta Ke Daskararwa

Har yau a shagunan tsofaffin kaya na Ingila ana cin karo da kan mutum na farin tangaran, an tsattsaga shi gida-gida da baƙin layi: nan mazaunin tausayi, can na taka-tsantsan, a ƙeya kuma son 'ya'ya. Lorenzo Fowler, Ba'amurken da ya koma Landan, shi ya yaɗa shi a ƙarni na 19, bisa ra'ayin likitan nan Franz Joseph Gall cewa tudu da kwarin ƙoƙon kai suna bayyana halin mutum. Tun shekarun 1820 gwaje-gwajen Pierre Flourens suka fara rusa wannan ra'ayi. Ilimin ya mutu, tangaran ɗin yana nan garau.

Hujjata ke nan a kan masu gina siffar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da yumɓu a yau. Ɗanyen yumɓu yana karɓar gyara, amma da ya sha wuta zance ya ƙare. Ita kuwa ƙwaƙwalwa kullum sauyawa take: hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyin jijiyarta, su kimanin biliyan 86, suna ƙarfafa ko su raunana gwargwadon abin da mutum ya koya. Duk maginin da ya gasa taswirarta kamar an gama saninta, sawun Fowler ya bi, ko da hoton asibiti na zamani ya kwaikwaya.

Akwai wata hanyar, kuma ita nake so. A 1873 Camillo Golgi ya gano rini mai sinadarin azurfa da ke fito da ƙwayar jijiya baƙa wuluk, da dukan rassanta. Ya ɗauka duk a haɗe suke kamar koma. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya, wanda tun yana yaro burinsa zane, ya duba da rinin nan ya ce a'a, kowace ƙwaya zaman kanta take, akwai rata tsakaninta da maƙwabciyarta. Tare suka karɓi kyautar Nobel a 1906 ba tare da sun daidaita ba. Sai a shekarun 1950 madubin lantarki ya nuna ratar, faɗinta nanomita 20 zuwa 40 kacal.

A nan, wajen siffanta wannan rata, yumɓu ya fi ƙarfe da roba. Yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a wuta, tangaran har fiye da kashi 10 cikin 100. Siririn reshe yakan lanƙwashe, wani ya tsage. Maginin da ya jera rassa biyu dab da juna ba ya da tabbacin tazarar da zai tarar, sai tanderu ya huce. Ya san kayan aikinsa, ya auna, ya lissafa, duk da haka yana buɗe ƙofar ne da fargaba, ya leƙa ya ga ko rassan sun manne ko sun bar wa juna wuri.