Ruwan Barikin Lejeune Da Neman Diyyarsa

A gabashin ƙasar Amurka, cikin jihar Karolina ta Arewa, bakin teku, akwai wani babban barikin mayaƙan ruwa da a ke kira Lejeune. An fara gina shi cikin 1941. Kada mai karatu ya ɗauka barikin nan ɗakunan soja ne kawai da filin fareti. Gari ne sosai, da makarantu da asibiti da kantuna, soja suna zaune da matansu da 'ya'yansu. Ruwan da su ke sha kuwa daga rijiyoyin burtsatse a ke jawo shi, a tura shi famfo gida gida.

To, tun daga 1953 dafi ya fara shiga waɗansu rijiyoyin. Ta hanya uku ya zo. Akwai wani shagon wanki a wajen bariki, irin wanda a ke wanke tufafi da magani ba da ruwa ba, sauran maganin nan, mai suna PCE, yana tsiyaya cikin ƙasa. Cikin bariki kuma ana wanke maiƙon injuna da wani magani mai suna TCE, a zubar da shi. Sa'an nan tankunan mai da aka binne suna yoyo. Duk ƙasa ta shanye, ta kai wa ruwa. Cikin 1982 an auna ruwan sashen Hadnot Point, aka tarar TCE da ke ciki ya ninka abin da dokar Amurka ta yarda da shi yanzu har sau 280.

Abin takaici, masu awo sun faɗa wa hukumar bariki tun lokacin nan, amma ba a rufe rijiyoyin da suka fi ɓaci ba sai ƙarshen 1984 da farkon 1985. Mata masu ciki suna sha, ana dama wa jarirai madara da shi. An ƙiyasta mutanen da ruwan ya shafa daga 1953 zuwa 1987 za su kai miliyan ɗaya.

Cikinsu akwai wani saje, Jerry Ensminger. An ɗauki cikin 'yarsa Janey suna zaune a barikin. Ciwon dajin jini ya kama ta, ta rasu cikin 1985 tana da shekara 9. Uban bai san dalili ba sai 1997, yana zaune a gida ya ji labarin ruwan a talabijin. Daga ran nan ya shiga tono takardun gwamnati, yana kai da kawo zuwa Majalisar Dokoki.

Mai karatu zai ce, ai sai su kai ƙara. Sun kai, amma ƙofa biyu suka tarar a kulle. Ta fari, tun 1950 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa soja ba shi da ikon ƙarar gwamnati kan cutar da ta same shi a bakin aiki. Ta biyu ta fi tsanani, gama ta haɗa har da mata da yara. Dokar Karolina ta Arewa ta ce in an yi shekara 10 da aikata ɓarna, ba sauran ƙara, ko da wanda aka cuta bai sani ba. Ciwon daji kuwa ba ya gaggawa, ya kan yi shekara 20 ko 30 kafin ya bayyana. Watau wa'adin ya ƙare tun mutum yana ganin kansa lafiya lau. Da wannan hujja wani alƙali a jihar Jojiya ya kori ƙararrakinsu cikin 2016. A ganina, dokar da aka yi don kada a tā da tsohuwar rigima ita ce ta zama garkuwar wanda ya yi shiru.

Sauƙi ya zo, amma kaɗan kaɗan. Cikin 2012 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da mutane ke kira da sunan Janey, aka yarda a yi wa tsofaffin soja da iyalinsu magani kan cuta iri 15. Cikin 2017 aka fara ba tsofaffin soja kuɗin naƙasa kan cuta 8, har da dajin ƙoda da na hanta da na mafitsara, da ciwon makyarkyata da a ke kira Parkinson. Amma magani dabam, diyya dabam, kuma kuɗin naƙasan nan na soja ne kaɗai.

Sai ran 10 ga Agusta, 2022, Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofofin nan biyu. Duk wanda ya yi kwana 30 a barikin tsakanin 1 ga Agusta, 1953, da 31 ga Disamba, 1987, ko soja ne, ko ma'aikaci, ko ɗan da ke cikin uwarsa a lokacin, yana da ikon neman diyya. Zai fara kai kukansa ga hukumar sojan ruwa. In ta ƙi, ko ta yi wata 6 ba amsa, sai ya tafi kotun tarayya ta gabashin Karolina ta Arewa. An kuma rage masa nauyin shaida: ya isa ya nuna cewa zaton ruwan ne ya jawo cutar bai kasa zaton wani abu dabam ne ba. Aka ba da shekara 2 rak.

Nan da nan lauyoyi suka cika talabijin da talla suna neman masu ƙara, har gwamnati ta ƙayyade ladansu, kada ya wuce kashi 20 cikin 100 in an shirya a ofis, ko 25 in an je kotu. Cikin Satumba, 2023, ta fito da hanyar gaggawa ga masu waɗansu cututtuka: a karɓi daga dala 100,000 zuwa 550,000, gwargwadon cutar da daɗewar zama a bariki, a bar shari'a. Cikin Fabrairu, 2024, alƙalan kotun suka yanke cewa su da kansu za su yi hukunci, ba za a tara talakawan gari su saurari shaida yadda a kan yi a can ba, abin da ya ɓata wa masu ƙara rai ƙwarai.

Wa'adin ya cika ran 10 ga Agusta, 2024, takardun neman diyya sun haura 400,000. Shekarar ta ƙare ba a zauna sauraron shari'a ko ɗaya ba, waɗanda suka karɓi kuɗi kuwa 'yan ƙalilan ne. Da yawa cikin takardun nan magada ne suka sa musu hannu.