Ƴan matan majami'ar Saint Michael da haɗarin jirgin 1856

A jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, arewa da birnin Filadelfiya, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Ambler. Sunan wata mata garin ya gada, kuma asalin wannan gado haɗarin jirgin ƙasa ne da ya auku ranar Alhamis 17 ga watan Yuli na shekarar 1856, wanda ya lashe rayukan yara da samari da ƴan mata mabiya ɗariƙar Katolika. Sunan wadda ta yi jinya ya zauna a kan taswira. Waɗanda suka cika kafin ta iso kuwa, tarihi ya fi riƙe su da adadi. Ya dace a waiwaye su.

Budurwar da ta hau wannan jirgi daga Kensington ta fito, unguwar masaƙa da ƴan ƙodago a Filadelfiya. Da yawa cikin mazaunanta ƴan asalin ƙasar Ailan ne, waɗansunsu gudun yunwar da ta faɗa wa ƙasarsu tun daga 1845 ne ya kawo su. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. A watan Mayu na 1844, masu ƙyamar baƙi da Katolika suka banka wa majami'ar unguwar, wato Saint Michael, wuta ta ƙone, sai daga baya mabiyanta suka sake gina ta. Ke nan budurwar da ke da shekara 18 a ranar haɗarin, tana ƴar shekara 6 lokacin da aka ƙone ɗakin ibadar iyayenta.

Wannan majami'a ce ta shirya wa ɗaliban makarantarta ta ranar Lahadi fita shan iska a wani kurmi kusa da Fort Washington. Mutum fiye da 1,000 suka cika taragai. Jirgin ya tashi da ƙarfe 5 da minti 10 na asuba, ya riga ya makara da minti 23, ga kuma nauyin jama'a ya hana shi sauri. Layin dogon guda ɗaya ne tak, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi, sai dai ɗaya ya raɓe a wata tasha ya ba ɗan'uwansa hanya. Akwai wayar tangaraho, amma ba a buga ta an sanar da makarar ba. Jirgin fasinja mai gangarowa birni ya yi jiran da ƙa'ida ta tanada, da bai ga kowa ba sai ya kama hanya. Da ƙarfe 6 da minti 18, a wata kwana kusa da tashar Camp Hill inda direba ba ya hango abin da ke gabansa, jiragen biyu suka yi taho-mu-gama.

Taragan na katako ne. Na gaba suka farfashe, wutar injin ta kama su, waɗanda ɓaraguzai suka danne ba su sami mafita ba. An ƙiyasta mamatan tsakanin 59 da 67, masu rauni sun haura 100, kuma kafin wancan lokaci Amurka ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin ƙasa mai muni kamarsa ba. Limamin majami'ar, Fada Daniel Sheridan, yana cikin waɗanda suka rasu. Waɗansu gawawwakin wuta ta cinye su har iyaye suka kasa shaida ƴaƴansu. Wannan shi ne rashi a kan rashi: uwa ta sallami ɗiyarta da asuba cikin kwalliya, da maraice ba ta sami ko fuskar da za ta yi wa bankwana ba. Kwandastan jirgin fasinja, William Vanstavoren, ya ɗora wa kansa laifi, ya sha guba ya mutu. Bincike daga baya ya wanke shi.

A nan ne Mary Ambler ta shigo labarin. Mijinta ya rasu, shekarunta sun haura 50, tana riƙe da masana'antar sarrafa ulu ta iyalinta, kuma ita ba Katolika ba ce, mabiyar ɗariƙar Kiristoci ce da ake kira Jama'ar Abokai. Da labari ya iske ta, ta tattara magani da tsummokin ɗaurin rauni, ta taka kimanin kilomita 3 a ƙasa zuwa wurin. Ta yi ta ɗaure raunuka, sa'an nan ta mayar da gidanta asibiti. Ba ta tambayi kowa majami'ar da yake zuwa ba. Ta rasu a 1868, a 1869 kamfanin jirgin ya sauya wa tashar Wissahickon suna zuwa Ambler, garin da ya bunƙasa a gefenta shi ma ya ɗauki sunan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sai dai yabon mai taimako bai kamata ya rufe waɗanda aka rasa ba. Idan malami ya ce wa ɗalibansa mutum sittin da ƴan kai sun mutu, kunne ya ji, zuciya ba ta motsa ba. Idan kuwa ya tsayar da su a kan budurwa guda, ɗiyar baƙi, wadda ta girma a unguwar da aka ƙona wa majami'a, ta fita hutun yini ɗaya ba ta komo ba saboda saƙon da ba a aika ba, to a nan adadi ke komawa mutum. Shekara 12 kacal ke tsakanin wutar da ƙiyayya ta kunna a Kensington da wutar da sakaci ya kunna a Camp Hill, kuma al'umma ɗaya ce ta sha zafin duka biyun. Bambancin shi ne, a karo na biyu an sami wadda ba ɗariƙarsu ɗaya ba ta nufo wutar da magani a hannu.