Yadda masana ke kama ƙamshin tsirrai su tantance shi

Ƙamshin da ganye ko fure ke fitarwa sinadarai ne masu saurin bin iska. Da su tsiro ke jawo ƙudan zuma, da su kuma yake korar ƙwari. A shekarar 1990, Ted Turlings da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa masarar da tsutsa ta ci tana fitar da ƙamshin da ke kiran wani ƙaramin zanzaro mai saka ƙwai a jikin tsutsar.

Tattarawa

Ana rufe tsiron da tulun gilashi ko leda marar wari, a tura masa iskar da aka tace da gawayi. Sai a zuƙo iskar ta siririn bututu mai ɗauke da garin da ke kama sinadarai, kamar Porapak Q ko Tenax. Bayan wasu awanni, a wanko sinadaran da ruwan narkarwa, ko a fitar da su da zafi.

An fi son tsiro mai rai, domin yanka ganye ko murje shi na sauya ƙamshinsa. Ana kuma ɗaukar iskar tulun da babu komai a ciki, don bambance ƙamshin tsiro da na kayan aiki.

Tantancewa

Na'urar GC-MS ce ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, ta auna nauyin ɓarɓashin kowanne, a gane sunansa. Sai dai sanin suna bai wadatar ba. Akan haɗa eriyar kan ƙwaro, wadda da ita yake sansana, da wayar lantarki, a ga sinadarin da ke motsa ta. Daga nan a sa ƙwaron cikin bututu mai reshe biyu, a duba ko zai bi ƙamshin ko zai guje shi.

Amfani

Irin wannan bincike ne ya tallafa wa dabarar kora da jawowa, wadda cibiyar icipe ta Kenya da cibiyar Rothamsted ta Ingila suka ɓullo da ita. Ana shuka desmodiyom tsakanin kunyoyin masara, ƙamshinsa ya kori malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar kara, ciyawar Nefiya da ke bakin gona kuma ta ja shi. Ta haka manomi ke rage kashe kuɗi a kan maganin feshi.