Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Sabon Aisi Ya Ƙi Tada Na'ura?

Wani mai sauraronmu daga Zuru ta Jihar Kebbi, wanda ya ce noma yake yi da damina, gyaran rediyo da rani, ya aiko yana tambaya: me ya sa a da in aisin rediyo ya ƙone sai a sayo mai lamba ɗaya a liƙa, ta tashi, amma yanzu ka sa sabo a inbata ko dikoda, lamba ɗaya, kamfani ɗaya, na'ura ta yi shiru?

To Malam, ba lallai ne a ce jabu aka sayar maka ba. Amsar tana cikin tarihin abin, sai ka gyara zama.

A shekarar 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a Amurka. A 1958 kuma wani injiniya mai suna Jack Kilby ya haɗa kayan da'irar lantarki a kan ɗan ƙanƙanin abu guda, wato mafarin aisi ke nan. Irin wannan aisi tun daga masana'anta aka yanke masa aikinsa, kamar hatimi, abin da aka sassaƙa shi zai buga har ya mutu. Shi ne a cikin rediyoyin da kuka saba buɗewa a Zuru da Dabai da Ribah, shi ya sa lamba kaɗai ta wadatar.

Amma fa sassaƙa sabon aisi na cin kuɗi da watanni, kuma kuskure ɗaya sai a zubar da duka. Saboda haka a 1978 kamfanin Monolithic Memories ya fito da wanda ake kira PAL. Cikinsa cike yake da ƙananan fis, mai saye ne zai ƙone waɗanda ba ya so, sauran su zama hanyar wuta. Sau ɗaya tak ake yi, kamar tsagar wanzami, in ya tsaga ya tsaga. A 1984 kamfanin Altera ya kawo mai 'yar tagar gilashi, wanda ake goge shi da wani irin haske a sake tsarawa.

Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne Ross Freeman, kuma labarinsa zai yi wa manoma daɗi, don a gona ya tashi a jihar Michigan, har ya yi koyarwa a ƙasar Gana yana matashi. Shi da abokansa suka kafa Xilinx a 1984, a 1985 suka fitar da aisin da ake kira FPGA. Na farkon ɗakuna 64 ne a cikinsa, da hanyoyi a tsakaninsu waɗanda mai shi zai buɗe ko ya rufe yadda yake so. A lokacin ana ganin ɓarna ce a cika aisi da tiransiston da ba duka za a mora ba. Shi kuwa lissafinsa shi ne za su yi ta araha, haka kuwa aka yi. Ya rasu a 1989, bai ga yadda abin ya kai biliyoyin daloli ba. Intel ya sayi Altera a 2015, AMD kuma ya sayi Xilinx a 2022.

Ka ɗauke shi kamar allon makaranta. Allo biyu na iya fitowa daga hannun masassaƙi ɗaya, amma wannan da rubutu, wancan babu. Sabon da ka sayo a Sabon Garin Kano ko a Alaba wankakken allo ne, lambar da ke bayansa sunan itacen ne kawai. Wani abin mamaki ma, yawancin FPGA na manta karatunsu da zarar an ɗauke wuta, sai sun sake ɗaukowa daga wani ɗan aisi na ajiya da ke kusa da su, sau da yawa mai ƙafa takwas. Don haka ka fara zarginsa kafin ka tuge babban. Na cikin inbata kuwa galibi ɗan'uwansa ne, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai bin umarni, amma shi ma fanko yake zuwa, kuma kamfanoni kan kulle rubutun don kada a kwafa. In haka ne, ka gaya wa mai kaya gaskiya a nemi fanel ɗungurungum, ya fi a yi ta ƙona kuɗin dawarsa a kan aisi.

Ga samari masu son ƙere-ƙere, ƙofar ta buɗe. Tun 2015 masu sha'awa suka gano sirrin tsara iCE40 na kamfanin Lattice, suka saki manhajar kyauta, yanzu da kwamfuta da ɗan fanel kamar akwatin ashana yaro zai tsara agogo ko na'urar ƙirge. A ganinmu dai, in famfon ban-ruwa ko injin ƙyanƙyasar ƙwai kake son sarrafawa, Arduino ya ishe ka, ya fi sauƙin koyo. FPGA na wanda yake son ganin yadda ake gina kwamfuta ne tun daga tushe. Ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru, wadda aka kafa a 2020, su ne suka fi kusa da ku in kuna neman mai kwamfutar da za ku gwada tare.