Ba'asi

ba'asi *suna, namiji.* Wasu kan ce bahasi.

1. Bayanin da mutum ke bayarwa idan aka tuhume shi da laifi, don a ji ta bakinsa kafin a yanke hukunci. *Alƙali ya nemi ba'asin wanda ake ƙara.*

2. (*aikin gwamnati*) Amsar da ma'aikaci ke rubutawa bayan an ba shi takardar tuhuma. Dokokin aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya sun ce takardar ta fayyace laifin dalla-dalla, ta kuma sa wa'adin amsa. Idan laifin na iya kai shi ga kora, dole a nuna masa takardun da aka kafa hujja da su. *Ta yi fashin aiki, darakta ya ce ta ba da ba'asi a rubuce.*

Tushen haƙƙin ba da ba'asi shi ne sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya da ke Abuja ta damƙa wa manyan sakatarori ikon ladabtar da ma'aikata har mataki na 13, amma ikonsu na kora bai wuce mataki na 6 ba. Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya kai koke gaban hukumar, ko ya garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A shari'ar Laoye ta 1989, Kotun Ƙoli ta tabbatar da soke korar jami'in da aka sallama ba tare da an saurare shi ba.

*Duba kuma:* tuhuma, ladabtarwa, ɗaukaka ƙara.