Ɓarnar da Ba Ta Barin Sawu a Lambunan Tambuwal da Kebbe

Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, ya mai da ita ribaɗi mai tsaron wannan sashe na daular Sakkwato, arzikin jama'arta da na maƙwabtansu na Kebbe bai wuce abin da ƙasa ta fitar ba, watau gero da dawa da wake a tudu, da shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara, sa'an nan idan ruwa ya janye a kafa lambunan albasa da tumatir da tattasai. A da can ba a san wani maganin haki ba illa hauya da gumin mai ita, wanda kuwa noman fari ko maimai ya fi ƙarfin gandunsa sai ya kira gayya, a dama fura, a kaɗa gangar noma. Ita hauya, duk da azabarta, mai riƙe da ita yana ganin abin da yake sarewa, yakan tsallake yakuwa da rama da tafasar da mata ke tsinka don miya da kwaɗo, kuma ba ta taɓa ƙetare iyaka ta shiga gonar wani bisa kuskure ba.

Saboda haka ɓarnar da magabata suka sani ta dabbobi ce, sai ko ta gobara, kuma malamai sun daɗe da warware hukuncinta. Alƙur'ani mai girma ya kawo ƙissar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, game da gonar da bisashe suka shiga da dare. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa labarin taguwar Barra'u ɗan Azib. Mai Risala kuma ya tabbatar cewa abin da dabbobi suka ɓata da dare lamuninsa yana wuyan masu su, alhali da rana tsaron shuka yana kan mai shuka. Idan ƙara ta zo gaban hakimi ko alƙali, sai a aiki dattawa su bi sawu, su ƙiyasta hasara, a biya, a yi musafaha.

Sabuwar ɓarnar daga nesa ta taso. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka fara sayar da maganin ciyawa na 2,4-D. A 1962 kamfanin ICI na Ingila ya fito da Gramoxone. A 1974 Monsanto na Amurka ya kawo Roundup. Ayyukan raya noma da Bankin Duniya ya tallafa wa a Gusau da Funtuwa da Gombe daga 1975 sun ƙara saba wa manoman Arewa da takin zamani da feshi, amma maganin ciyawa bai zama kayan kowace kasuwar ƙauye ba sai bayan shekarar 2000, lokacin da haƙƙin mallakar sinadarin Roundup ya ƙare, kamfanonin Sin suka yi ta fitar da irinsa da araha, ga kuɗin ƙwadago yana hawa, ga samari sun tafi cirani. Ba na ganin laifin manomin da ya rungume shi, domin yini ɗaya da injin feshi a baya yakan gama abin da hauya ke kai mako a kansa.

Amma maganin bai san iyakar gona ba. Mai shinkafa yakan fesa 2,4-D, wanda ke kashe duk shuka mai faɗin ganye ya bar dangin ciyawa, iska ta kwashi raɓarsa ta sauke a kan tumatir ko kuɓewar maƙwabci, ganye ya nannaɗe, fure ya zube, mai lambu ya ɗauka cuta ce ko sammu. Gramoxone yakan ƙona wurin da ya ɗiga cikin yini guda, Roundup kuwa sai bayan mako ko fiye shukar ta yi rawaya ta mutu, lokacin da an riga an manta wanda ya yi feshi. Wani kuma da hannunsa yake halaka shukarsa, in ya zuba maganin ƙwari a injin da bai wanke ba, ko ya fesa gindin danga ya kashe lalle da zogale da furannin da iyali suka yi shekaru suna ba ruwa. Su kansu Amurkawa, da dukan iliminsu, sun ga haka a 2017, sa'ad da maganin dicamba ya taɓa waken suya a fili fiye da eka miliyan 3.

Hukuncin bai ɓuya ba, domin fuƙaha'u sun ce kuskure da ganganci ɗaya suke wajen lamunin dukiyar mutane. Abin da ya yi wuya shi ne hujja, tun da iska ba ta barin sawun da dattawa za su bi. Don haka ya wajaba hakiman Tambuwal da Kebbe su zauna da malaman gona su kafa doka: kada a yi feshi da iska, a sanar da maƙwabci tun kafin a fara, wanda kuwa ya saɓa, shuka ta mutu kusa da shi, a ɗora masa lamuni.