Gishirin Balma da Fatar Jar Akuya

'Yan uwa mata, tunda bikin cika shekara ya tara mu, bari mu waiwayi yadda kakanninmu na ƙasar Gobir suka riƙa cin kasuwa da mutanen nesa.

Gishiri bai fita ƙasarmu, gero kuma bai yi a Balma, can tsakiyar hamada. Kowace shekara bayan kaka sai ayarin Abzinawa ya gangaro ƙasar Hausa da raƙuma ɗauke da kantu da dabino, su koma da gero da tufafi. Mutumin Balma bai ɓata ƙarfinsa wajen noman da ƙasa ba za ta karɓa ba, manomin bakin gulbin Rima bai je haƙar gishiri ba, amma kowa ya sha miya da gishiri, ya ci tuwo. Goro ma haka, daga Gwanja fatake ke ɗauko shi, tafiyar watanni da jakuna.

To, ina hannun mata a ciki? Kaɗi dai namu ne. Mace ta gurje auduga, ta yi shiɓa, ta zauna da mazari. Masaƙi ya sayi zare, marini ya tura, mabugi ya buga, sannan baƙin rawani ya hau kan Buzu a Agadas. Hannu huɗu ko biyar, kowane ya ƙware ga abu guda, shi ya sa kayan suka yi kyau har baƙo ya biya kuɗinsa bai yi ƙorafi ba.

Amma wadda ta fi kai sunanmu nesa ita ce jar akuya, wannan da ke ɗaure bayan ɗaki. Fatarta laushi gare ta da ƙarfi. Majema su jeme, a kai Kano, raƙuma su ƙetara da ita zuwa Tarabulus, ta ƙarasa Turai inda ake kiranta fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita. Sunan na wasu, kiwon na tsofaffinmu! Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, fatu suka juya kudu, suka bi ta Legas.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1906 ta raba Sabon Birni da Tsibiri, dangi guda, sarauta guda, amma ciniki bai tsaya ba. Mun ga abin da tsayawarsa ke yi da idonmu: rufe iyaka a Agustan 2019 har Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Masu kai albasa da hatsi Maraɗi suka rasa mai saye, wake da dabbobin da ke shigowa suka yi tsada. Ga kuma 'yan bindiga sun tare hanyar Isa zuwa Shinkafi, mace na da akuya mai kyau amma dillali na tsoron zuwa, sai ta sayar yadda aka taya.